Tamanin da Biyu

Uku ne a tafin hannun Arzika,
kowanne kamar murfin gwangwanin madara
da aka ɗaura wa sifirin a ƙugu.
An buga musu lamba a gindi:
saba'in da ɗaya, tamanin da biyu, tamanin da takwas.
Ya ce, "Zaɓi tamostat ɗinka,
ko ka bari in wurga su duka bayan gareji.
Wanga abu na ƙasar ƙanƙara na.
Mu nan Jega mi munka haɗa da shi?"

Motata tsohuwa ce, ja, 'yar Kwatano.
Na sauya mata salansa,
na buɗe mata hanci ta sha iska,
wani yaro a Birnin Kebbi ya taɓa mata ƙwaƙwalwa da kwamfuta.
Iyakarta ke nan. Ba ta tsere da kowa.
Amma in na wuce Andarai, titi ya miƙe,
nakan bar ta ta faɗi abin da ke ranta.

Bara na bi ta Arzika, muka cire.
Ruwa ya yi ta zagaye ba mai tsaron ƙofa,
allura ta kwanta ƙasa kamar mai jin barci,
ni kuwa ina murna, wai na sami inji mai sanyin hali.
Sai ta fara shan mai kamar mai biyan bashin ƙishirwa,
fulogi suka yi baƙi,
murfin baƙin mai ya yi kumfa fara-fara
ran da na tafi Aliero da asuba cikin yayyafi.
Ashe ƙarfe ma ba ya son aiki da sanyin jiki.

Kakale mai walda ya ɗaga gilashinsa,
ya ce saba'in da ɗaya, ita masu gudu ke sawa.
Na ce, su masu gudun
suna tsayawa sayen albasa?
Suna bin bayan tirela tun daga gada har kasuwa?
Mai buɗewa da wuri ba ta hana tafasa.
In lagireto ya toshe, ya toshe,
in fanka ta mutu, ta mutu.
Ita dai ƙofa ce, ta san lokacin buɗewa,
ba ta san yawan ruwan da ke rijiya ba.

Tamanin da takwas kuma ita aka haife ta da ita,
can inda rana ke neman izini kafin ta fito.
Na juya ta a hannu, na dubi kwalta
tana narkewa ƙarƙashin takalmin Arzika.
Watan Afrilu ne. Ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa.
Shi saba'in da ɗaya ne:
kafin ka rufe baki ya buɗe nasa,
ya huce kafin a ɗauke kwanon tuwo.
Ni na gado uwata.
Ina riƙewa, ina riƙewa,
sai murfi ya tashi,
Balkisa ta kwashe yara ta koma ɗaki.

Na ce a ɗora tukunya.
Yaron shago ya kawo risho da ruwan randa,
muka rataya ta tsakiyar da waya,
muka tsuguna mu huɗu kamar masu jiran shayi.
Ruwa ya fara raɗa, bai kai ga magana ba,
sai ga bakinta ya motsa,
kaɗan,
faɗin farce.

Arzika ya goge hannu a wando.
"To, malam. Kuɗinka na, motarka ta."
Ya nemi sifana mai lamba goma,
ba a gan ta ba,
har aka kira la'asar.